Motar da Aka Sa wa Babbar Riga

Jama'a, yau ma na tura mota. Karo na uku ke nan cikin wata guda, ni da ko keke ban mallaka ba. Na fito daga Ikara da hantsi, na ɗora wa jakina mazarƙwaila, na nufi kasuwar Makarfi ina sauri kada rana ta narkar mini da haja. Na yi kamar mil huɗu sai na hango ta a gindin hawa, ta tsaya cik, tururi na tashi daga hancinta kamar an buɗe madambaci. Wani masinja mai kakin ofis ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kai mai jaki, zo ka samu lada." Na ɗaure jakin a jikin wata ɗorawa, na je neman lada. Abin da na samu dai a nan duniya shi ne takalmina na dama ya tsinke, wandona ya yage, mazarƙwaila kuma ta sha rana har ta fara tsiyaya.

Kada wani ya ruga ya kai tsegumi ya ce Tanko ya yi fushi. Ban yi ba, godiya ma nake yi. Kakannina sun yi noma sun mutu ba su taɓa dafa mota ba, ni ga shi na dafa sau uku, da kafaɗa ma. Wannan ai ci gaba ne.

Wanda bai san motar ba, bari in gabatar masa da ita. Akwai wani ofis a wajenmu da ake kira Ofishin Kyautata wa Talakawa. Kada ku tambaye ni aikinsa, ni dai na san ana shiga da hantsi a fito da azahar, kuma duk wanda ya shekara a ciki sai an sake masa ɗinkin wando. Shugaban wurin shi ne Mai Girma Uban Alheri. Ba sunansa ke nan ba, amma haka muke kiransa idan yana kusa. Na hannun damansa kuma Malam Mai Hatimi, mutumin da bai taɓa cewa i ko a'a ba, sai dai "ana dubawa".

Shekara uku wannan ofis yana yi mana alkawarin mota. Aka ce za ta riƙa zagaya ƙauyuka, su Furana, su Paki, har Taba, tana kwaso marasa lafiya zuwa asibiti, kuma daga ranar da ta zo ba za a sake ɗaure majinyaci a bayan jaki ba. Shekarar farko aka ce tana cikin jirgin ruwa. Shekara ta biyu aka ce jirgin ya kusa. Har na fara zaton da igiya ake jawo jirgin nan daga ƙasar Turawa. Sai ga ta kuwa a bazarar bana, koriya shar, mai buɗaɗɗen baya, tana ƙyalli har mutum na ganin haƙoransa a jikinta.

Ranar da aka nuna ta, garin nan kaf ya fito. Aka yi kiɗa, aka yi jawabi, aka fassara jawabin, aka sake yin jawabi a kan fassarar. Daga nan aka ce direba ya sa ta yi magana. Ya danna ham, ta yi wata irin kuwwa mai zaƙi, kaji suka watse, mata suka rangaɗa guɗa. Abin ya ratsa Mai Girma. To, kun san halin manyanmu, idan maroƙi ya taɓa musu zuciya sai su tuɓe rigar jikinsu su yafa masa. Kafin kowa ya ankara, Mai Girma ya miƙe, ya tuɓe babbar rigarsa, saƙi mai kauri, aikin aska takwas, irin wadda in za ka ɗaga sai ka sa hannu biyu, ya yafa wa motar a hanci. 'Yan rakiya suka zube suna cewa, "Ta gode, ranka ya daɗe! Ta gode!" Don kada iska ta yi wa kyautar rashin kunya, suka samo igiyar rama suka ɗaure ta tamau, ta rufe ragar gaban motar ruf, sai fitilu biyu kaɗai ke leƙowa.

Duk filin nan mutum ɗaya ne bai yi tafi ba, shi ne direban, Inuwa. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi soja, a yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya koyi tuƙi, shekara uku yana jan manyan motoci cikin taɓo da duwatsu bai taɓa kayar da ko ɗaya ba. Da ya dawo gida ya tarar babu motar da zai tuƙa, ya shekara goma yana yankan rake a fadamun mutane, har da tawa. Ranar da aka ɗauke shi aikin nan, matarsa Bilki ta raba waina a unguwa, ta wanke masa kaki ta sa sitaci har yana iya tsayuwa shi kaɗai. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi murna irin ta Inuwa ba. Da asuba yake zuwa ya goge motar, yana yi mata magana a hankali.

Bayan la'asar ranar bikin ya same ni a ƙofar gida ina gyaran akumarin jakina. Muka gaisa, ya tsuguna, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Yaya Tanko, motar nan fa ta hanci take shan iska."

Na ce, "To, mu ma ai haka."

Ya ce, "Akwai tankin ruwa a bayan ragar nan. Iska ce ke hura shi ya huce. In an toshe, ruwan zai tafasa, injin ya ɗauki zafi. Ba za ta kai Makarfi ba."

Na ce, "To ka cire rigar mana."

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya je ya tuɓe wa liman rawani. Ni ma da na ji abin da bakina ya faɗa, sai da na waiga ko akwai mai ji. Rigar da babban mutum ya yafa da hannunsa, a gaban jama'a, da guɗa, wane ne zai sa hannu ya kwance? Ai wanda ya kwance ta ya ce kyautar ba ta karɓu ba ke nan. Inuwa ya ce ai ya riga ya je ya raɗa wa Malam Mai Hatimi, ya kuma roƙi a buɗe littafin motar a duba. Malam ya ce littafin yana cikin akwati a kulle don kada ya tsufa, maganar riga kuwa ana dubawa.

Washegari aka shirya fita ta farko. Kada ku zaci mara lafiya aka je ɗaukowa. Zagayen gaisuwa za a yi, daga Ikara zuwa Makarfi, daga nan Kudan, don mutane su ga motar su samu sauƙi tun daga nesa. Mai Girma a gaba kusa da direba, manyan ofis a baya kan kujeru. Sai wani ya tuna motar talakawa ce, bai kamata ta fita babu talaka ko ɗaya a ciki ba. Aka duba, aka gan ni a bakin hanya da rake a hannu, aka ce na yi daidai. Aka zaunar da ni a kan garwar fetur.

Gaskiya mil biyar na farko na ji daɗin duniya. Itatuwa na gudu baya, yara na ɗaga hannu, ni ma ina ɗaga musu kamar da guminmu aka ƙera ta. Da muka fara hawan nan na kafin Makarfi sai na ji wani wari kamar an manta tukunya a wuta. Sai ta fara tari. Sai wani fito ya taso daga ƙarƙashin rigar, rigar ta kumbura, tururi ya yi sama. Jama'a, na ga abin mamaki. Malam Mai Hatimi, wanda ke ɗaukar wata shida kafin ya ɗaga alƙalami, ya dira daga motar nan ya kai gonar rake kafin in ce innalillahi. Motar da ta ƙetare teku lafiya, ta mutu a mil na goma sha ɗaya. Mu muka tura ta har Makarfi, Mai Girma na ciki yana amsa gaisuwa. Mutanen Kudan kuwa an ce sun yi shimfiɗa, sun dama fura, sun jira har rana ta yi sanyi suka shanye abarsu.

Kafin kwana biyu kowa ya zama bakanike. Ɗan'azumi mahauci, wanda ke da bayani a kan komai tun daga farin wata har ciwon haƙori, ya tare ni a rumfarsa.

Ya ce, "Tanko, tsohuwa ce. Fenti suka shafa mata suka aiko mana. Bature zai ba ka sabon abu? Ni da nake sayen shanu, na san tsohuwar saniya ko an shafe ta da mai."

Na ce, "Ka duba haƙoranta ne?"

Ya ce, "Ba sai na duba ba. In ma ba tsufa ba ne, to baki ne. Ka ga yadda mutanen Paki suka zuba mata ido ranar nan? Ko dutse aka kalla haka sai ya tsage."

Wasu suka ce man ne aka gauraya, wasu suka ce hanyar ce ba ta saba da ita ba. Abin da ya fi damuna shi ne maganar Inna Ummuhani, tsohuwar da ta daɗe tana fama da ƙafa, wadda ta fi kowa ɗokin zuwan motar. Ta kira 'ya'yanta ta ce ko ciwonta ya tashi kada a kuskura a sa ta a cikin abin da ke tafasa da kansa, a ɗora ta a jaki, shi ta san halinsa. Ta yi shekara uku tana jiran mota, ta fasa a yini ɗaya.

Ofis bai yi barci ba, a yaba musu. Suka rubuta wa Baturen kamfanin da ya sayar da motar takarda mai zafi. Ya amso da tambaya biyu kacal: akwai ruwa a tankin, kuma iska na shiga? Malam Mai Hatimi ya ba shi amsa cewa ruwa akwai, iska kuwa a ƙasarmu ba ta taɓa yankewa ba. Daga nan aka kafa kwamitin mutum tara don gano abin da ya sami motar. A cikin taran nan babu wanda ya taɓa buɗe hancin mota, amma an yanka musu rago kowane zama, kuma sun zauna sau huɗu. Ɗan'azumi ya ce shi dai a ganinsa binciken yana tafiya daidai, kada a gaggauta.

Kowa ya san inda abin zai sauka. Ba za a kori hanya ba, ba za a kori Bature ba, ba za a kori riga ba. Saura direba. Ana gobe zaman ƙarshe aka aiko mini cewa in zo in ba da shaida, tunda ni ne talakan da ke ciki. Da yamma Inuwa ya shigo zaurena, hularsa a hannu.

Ya ce, "Yaya Tanko, ni in na faɗa, rashin kunya ne, yaron gida ya ɗora wa ubangidansa laifi. Kai in ka faɗa, shaida ce. Ba na so ka ƙara komai. Ka ce dai tun kafin a tashi na gaya maka, kuma ka ga daga inda tururin ya fito."

Na bugi ƙirji na ce, "Haba Inuwa, wannan har sai ka roƙa? Ni da nake rubutu a jarida? Gobe za su ji abin da ba su taɓa ji ba."

Da ya fita, matata Kulu ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, na ji ka. Allah ya sa bakin nan ya bi ka har can, kada ka bar shi a zaure." Na ce mata mata ba su san sha'anin hukuma ba.

Washegari na sa rigata ta Juma'a na tafi. Jama'a, zauren ofis ba zauren gida ba ne. Mai Girma na bisa kujera, mutum tara a jere suna sakace haƙori, Malam Mai Hatimi ya buɗe wani babban littafi, ni kuma a ƙasa, gwiwa biyu, takalmana a waje. Aka fara da Inuwa. Ya ƙame irin ta soja, ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce injin lafiyarsa ƙalau, bai fashe ba, bai tsage ba. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Ranka ya daɗe, da za a ɗan ɗage mata rigar idan za a yi tafiya, a mayar in an sauka, da ba za ta sake ba."

Mai Girma ya gyara zama ya ce, "Wato rigata ce ta kashe mota?"

Mutum tara suka ce, "Subhanallahi!" a tare, kamar sun yi bita.

Sai Mai Girma ya juyo gare ni, da fara'arsa, wallahi da fara'arsa. Ya ce, "Malam Tanko, kai dattijo ne, kana wurin. Ka ga rigata ta yi wa motar nan wani abu?"

Maganar tana bakina, na jera ta tun daga gida. Na tuna fadamata da ke iyaka da ta ƙaninsa, na tuna wanda ke raba irin auduga, na tuna ni ba kowa ba ne. Na ji wata murya, kuma tawa ce, tana cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ga rigar ta motsa ba. Tana zaune lafiya inda ka sa ta. Riga ce mai kyau."

Ya ce, "Direba ya taɓa yi maka wata magana a kanta?"

Na ce, "Muna dai gaisawa, ranka ya daɗe."

Ban dubi Inuwa ba. Na dai ji ya sauke numfashi.

Kafin azahar kwamiti ya gama aikinsa. Ya gano abu biyu. Na farko, direba yana da zafin hannu da kuma zafin baki, don haka ya ajiye makulli da kaki. Na biyu, kuma a nan ne ilimi ya yi aiki, motar zazzaɓi ta yi, saboda canjin ƙasa da canjin ruwa. Shaida ita ce jikinta ya yi zafi, ta yi tari, ta yi rawar ɗari kafin ta kwanta. To, me ake yi wa mai zazzaɓi? Kowa ya sani, lulluɓe shi ake yi ya yi gumi. Mai Girma, da yake hannunsa a buɗe yake, nan take ya sa aka kawo bargo daga gidansa, aka ɗora a kan rigar, aka ƙara igiya. 'Yan rakiya suka ce ta gode. Aka ba wani ɗan 'yar'uwar Malam Mai Hatimi tuƙin, saboda ya taɓa shiga jirgin ƙasa.

Da riga kaɗai ta yi mil goma sha ɗaya. Da riga da bargo, fita ta biyu ta yi shida, yau ta yi huɗu. Kwamiti ya ce zazzaɓin ne bai sake ta ba, ana tunanin ƙara mata luru mai kauri a kan bargon. Har yau ba ta ɗauki mara lafiya ko ɗaya ba, sai dai ta kusa samar da wasu daga cikin masu turi.

Na koma kan turin yau. Muna cikin nishi a tsakiyar hawa, mu biyar, sai na ji an sa kafaɗa kusa da tawa, motar ta yi sauƙi. Na waiga, Inuwa ne. Ya jingine damin raken da ya ɗauko a ka zai kai wa wani kasuwa, ba wanda ya kira shi. Sati uku ke nan ina zagayawa ta bayan gida don kada mu haɗu. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi Yaya Kulu da yara, ya tambayi jaki. Da zagina ya yi, da na ji sanyi. Na amsa ina kallon taya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka kai kan tudu ya zagaya gaba, ya ɗora tafin hannunsa a kan bargon nan mai zafi, ya kara kunne, ya daɗe. Ya ce, "Har yanzu ba ta lalace ba, Yaya Tanko. Mota ce mai kyau. Iska kawai take nema." Ya ɗauki rakensa ya aza a ka, ya wuce. Na tsaya riƙe da tsinkakken takalmi ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Da na dawo gida na ba Kulu wandon ta ɗinke. Ta ce wannan mai sauƙi ne, wanda ya yage a ofis ne ba ta da allurarsa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. An gaya mini Mai Girma ba ya karanta jarida da kansa, karanta masa ake yi bayan ya ci abinci, kuma mai karatun yakan tsallake duk wurin da zai hana abinci narkewa. To, malam mai karatu, na haɗa ka da Allah, in ka zo nan kada ka tsallake. Rigar ce. Inuwa ya faɗa tun ana gobe za a tashi, a ƙofar gidana, da kunnena na ji, kuma daga ƙarƙashinta tururin ya fito. A kwance wa motar riga, a mayar wa mutumin nan da makullinsa.

In kuma ya tambaye ka wane Tanko ne ya rubuta, ka ce ana dubawa. Masu jaki da wannan suna muna da yawa a hanyar Makarfi.